Kangon Gidan Niƙa Da Tsohuwar Igwa: Labari Daga Minisota

A yawancin garuruwanmu, ran da injin niƙa ya shigo, ran nan aikin dutsen niƙa ya ƙare. Aka mirgina shi bayan ɗaki, kaji na shan ruwa a cikinsa da damina, ɗan dutsen kuwa yara suka ɗauke suna fasa ƙwara da shi. In injin ma ya tsufa, sai a kira masu sayen tsohon ƙarfe, su auna, su biya, su tafi. Bayan shekara 20 da wuya ka sami wanda zai faɗa maka wa ya fara kawo inji garin, nawa aka saye shi, su wa suka tara kuɗin. A wannan fitowa muna so mu kai masu karatu jihar Minisota ta ƙasar Amurka, inda mutane suka ajiye kangon wani gidan niƙa da ya ƙone da wata tsohuwar igwa ta jirgin ruwa, suka gyara wuraren, jama'a na zuwa kallo. Abin da ya ja mu ga labarin shi ne manoma na cikinsa tsundum, har da ƙungiyoyinsu na gama kai.

Kogin Misisipi, duk tsawonsa, wuri ɗaya tak yake da babbar magangara inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Faɗuwar ta kai wajen ƙafa 50. Mutanen Dakota, waɗanda su ne 'yan ƙasa tun asali, suna kiran wurin Owamniyomni, suna kuwa girmama shi. A 1680 wani fada Bakatolika mai suna Louis Hennepin ya iso, ya sa masa sunan Waliyyi Antoni. A 1823 sojojin wani barikin da ke kusa suka gina ɗan gidan niƙa a bakin ruwan don abincinsu. Bayan yarjejeniyar 1851 ƙasar da ke yamma da kogin ta fita daga hannun Dakota, bayan yaƙin 1862 kuma aka kore su daga jihar. A kan wannan ƙasa birnin Miniyapolis ya tashi. Mun faɗi wannan tun da fari domin kada a ce wurin fili ne da ba mai shi.

Yadda ruwa ke niƙa ba abu ne mai wuyar ganewa ba. A 1857 aka fara haƙa babban lambatu daga saman magangarar, aka janyo ruwa ta gefen kogi. Gidajen niƙa suka jeru a bakin lambatun. Kowane gida yana da rami mai zurfi kamar rijiya, ruwa ya faɗa ciki da ƙarfi ya juya wata ƙafar ƙarfe mai fukafukai, ita kuma ta juya sanda, sanda ta ja bel, bel ya juya duwatsu a benaye. Ruwan da ya gama aiki sai ya bi ramin ƙarƙashin ƙasa ya koma kogi. Ba mai, ba gawayi, ba itace. Amma haɗama ta kusa kashe abin gaba ɗaya. A watan Oktoba na 1869 wani rami da wasu 'yan kasuwa ke haƙawa a ƙarƙashin kogin ya rufta, ruwa ya fara cinye dutsen da ke riƙe da magangarar. Sai da injiniyoyin soja suka yi shekaru suna aiki, suka gina katangar kankare a ƙarƙashin kogi, kana aka tsira.

Ruwa dai ga shi, amma alkamar ƙasar tana da matsala. Sanyin Minisota ya yi tsanani ga alkamar da ake shukawa kafin hunturu, don haka manoma ke shuka wata iri mai tauri bayan ƙanƙara ta narke. Ɓawon wannan alkama yana da gautsi. In dutse ya danne ta sai ɓawon ya farfashe ya gauraye da gari, garin ya fito da duhu da ɗigo-ɗigo, ga shi ba ya daɗewa sai ya yi wari. A kasuwa kuɗinsa ƙasa yake. Wajen 1871 wani Bafaranshe mai suna Edmond La Croix ya haɗa wata na'ura a gidan niƙan Cadwallader Washburn. Aka ɗan ɗaga dutse don kada ya niƙe hatsin sarai a zagaye na farko, ya bar shi tsaki. Tsakin nan sai a bi da shi kan rariya mai girgiza, iska na hurowa daga ƙasa tana ɗauke dusa, tsaki mai tsabta ya rage, a sake niƙa shi. Duk matar da ta taɓa riƙe faifai ta yi bakace ta san wannan aiki tun tana yarinya. Bambancin kawai shi ne na'urar ba ta gajiya. Nan da nan garin da ake rainawa ya zama shi ne mai tsada, gama alkama mai tauri ta fi yin burodi mai kumburi.

Washburn ya gina sabon gida a 1874, bene hawa 7 na dutse, ana kiransa Washburn A. Ran 2 ga watan Mayu, 1878, da magariba, bayan masu aikin rana sun tashi masu aikin dare sun karɓa, sai gidan ya fashe kamar an sa masa albarushi. Mutum 14 da ke ciki duk suka mutu nan take. Wuta ta tsallaka gidajen niƙa na maƙwabta ta kashe wasu mutum 4, watau 18 ke nan, gidaje 5 kuma suka bi shi. An ji ƙarar har birnin Sant Pol, wajen mil 10 daga wurin.

Mutane suka yi ta zato iri-iri, wasu na cewa girgizar ƙasa ce, wasu na cewa makirci ne. Masu bincike, tare da malamai 2 na Jami'ar Minisota, suka nuna ashe gari ne da kansa. Gari a cikin buhu ba ya kama wuta da sauƙi. Amma in ya tashi ƙura ya cika ɗaki, kowace ƙwaya iska ta kewaye ta, sai tartsatsi ɗaya ya cinye su duka a ƙiftawar ido, zafin ya kumbura iskar ɗakin ya ture bango. Tartsatsin kuwa, bisa ga binciken, ya fito ne daga duwatsu 2 da hatsi ya yanke musu, suka ci gaba da juyawa suna goga juna.

Nan za mu ɗan tsaya, gama ƙungiyoyinmu da yawa suna da injin niƙa, wasu ma da bashi aka saya. Ba mu ce ɗan ɗakin injinmu zai tashi sama kamar bene hawa 7 ba. Ɗaki ƙarami mai buɗaɗɗiyar ƙofa ba ya tara ƙura haka. Amma garin dawa da na masara da na rogo duk suna cin wuta kamar na alkama. Mu tambayi kanmu: yaushe rabon da a share ƙurar da ta kwanta a kan azara da bango? Akwai taga ta biyu da iska za ta ratsa? In dare ya yi ana niƙan biki, da wace fitila ake aiki, ina kuma aka ajiye jarkar mai? Yaron da ke kula da inji yana shan taba a ciki? Ga kuma barin inji na juyawa ba hatsi a bakinsa, abin da ke cinye ƙarafan niƙa ya zuba garin ƙarfe cikin tuwon mutane. Bel ma abin tsoro ne ga mai babbar riga da mai mayafi. A zamanin da muke magana, Miniyapolis ta yi suna wajen ƙera ƙafa da hannu na roƙo, saboda yawan waɗanda injunan niƙa da na katako da jirgin ƙasa suka naƙasa. Wannan ba sunan da gari zai yi alfahari da shi ba ne.

Washburn ya biya iyalan mamatan, ya sake gini. Wani injiniya ɗan ƙasar Ostiriya, William de la Barre, ya sa na'urorin zuƙe ƙura, ya kuma je ƙasar Hangari ya koyo yadda suke niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa masu juyawa maimakon dutse. Da aka buɗe sabon gidan a 1880, babu kamarsa a duniya, sai da kamfanin Pillsbury ya gina nasa a hayin kogi a 1881. Masu kula da gidan tarihin sun ce a lokacin ganiyarsa Washburn A na niƙa garin da zai yi burodi miliyan 12 a rana guda. Daga 1880 zuwa 1930, shekara 50 cur, ba birnin da ya kai Miniyapolis fitar da fulawa a Amurka.

To, ina manomi a cikin wannan arziki? Ga inda labarin ya zo kusa da gida.

Manomin Minisota ko na Dakota ta Arewa yakan yi girbi ya kai alkamarsa babban rumbun da ke tashar jirgin ƙasa. Sau da yawa rumbu ɗaya ne a tashar, kuma na manyan 'yan kasuwar Miniyapolis ne. Mai rumbu shi zai auna, shi zai ce alkamar lamba ɗaya ce ko lamba uku, shi zai cire abin da ya ga dama wai na datti da tsakuwa. Manomi da bashi a wuya, ga hunturu na tafe, ba shi da inda zai kai. A shekarun 1870 masu gidajen niƙa suka haɗa baki suna saye da murya ɗaya don kada su yi wa juna tsada. A 1881 aka kafa babbar kasuwar hatsi ta birnin, wadda sai mai kujera a cikinta ke ciniki. Kukan manoma shi ne, alkamar da aka saya a hannunsu da sunan ta baya, in ta shiga manyan rumbunan birni aka gauraya ta, sai ta fito da sunan ta gaba. Duk wanda ya taɓa sayar da hatsi da kaka, aka auna masa da babban mudu, ya dawo saye da bazara aka auna masa da ƙarami, ya san irin zafin da suka ji.

Ba su zauna suna kuka kawai ba. A 1908 suka kafa ƙungiyar sayar da hatsi tasu mai suna Equity Cooperative Exchange. Kasuwar Miniyapolis ta hana su kujera. Sai suka ƙaura Sant Pol a 1914, suka tara hannun jari daga manoma, suka gina babban rumbu nasu a bakin kogi wanda aka gama a 1917. A Dakota ta Arewa kuwa manoma suka shiga siyasa, suka ci zaɓe, gwamnatin jihar ta buɗe gidan niƙa nata a garin Grand Forks a 1922. Har yau yana aiki, kuma shi kaɗai ne gidan niƙa mallakar jiha a duk Amurka.

Amma Equity ɗin ta faɗi. A 1923 kotu ta damƙa ta ga masu riƙo saboda bashi. Gaskiya ne an yaƙe ta daga waje, har hukumar gwamnatin tarayya mai duba harkar ciniki ta sami kasuwar Miniyapolis da laifin yi mata zagon ƙasa. Amma akwai na cikin gida ma: farashin alkama ya faɗi bayan Yaƙin Duniya na Farko, shugabanni suka rabu biyu suna ja-in-ja, riƙon kuɗi kuma bai yi kyau ba. A ganinmu wannan sashe ya fi kowane amfani ga sakatarori da ma'ajinmu. Rumbun bai mutu da ƙungiyar ba. A 1926 wata ƙungiyar manoma ta ɗauki aikin, daga ita aka yi ta haɗuwa da wasu har aka sami CHS, wadda ita ce babbar ƙungiyar gama kai ta manoma a Amurka. Manyan rumbunan an rushe su, amma doguwar hasumiya da ɗakin ɗura buhu da aka ƙara daga baya don loda jiragen ruwa suna nan tsaye a wani wurin shan iska a bakin kogi.

Ƙarshen Miniyapolis a harkar niƙa ya zo sannu a hankali. Da lantarki ya samu, ba sai an zauna kusa da magangara ba. Kuɗin dakon jirgin ƙasa ya sauya, birnin Buffalo da ke gabas ya fi samun sauƙin kawo alkama ta ruwa, a 1930 ya wuce gaba. Gonaki ma sun gaji da alkama bayan alkama kowace shekara, ga cutar tsatsa da ta yi ɓarna ƙwarai a 1916, manoma da yawa suka koma masara da kiwon shanun madara. A 1965 aka rufe Washburn A da injunansa a ciki. A 1991 gobara ta cinye shi, ya zama kango.

Ana iya kawo katafila a share wurin. Ba su yi haka ba. Suka tokare bangon da ya rage da ƙarafa, ƙungiyar tarihi ta jihar ta gina gidan tarihi a cikin kangon, aka buɗe a 2003 da sunan Mill City Museum. Baƙi sukan zauna a wani babban ɗaki mai hawa da sauka, ya bi da su bene 8, a kowane hawa ƙofa ta buɗe su ga injuna, su ji muryar tsofaffin ma'aikata da aka naɗa suna ba da labarin aikinsu. Akwai inda ake toya burodi, akwai inda ake hura ɗan gari kan wuta a cikin ƙaramin akwati don yara su ga yadda yake fashewa. Ran Asabar manoman kewaye sukan kasa kayan lambu a rumfar da jirgin ƙasa ke shiga dā. A ƙasa da gidan, bakin kogi, aka kwashe yashi da tsakuwar da suka binne tsofaffin lambatu da harsashin gine-gine, aka yi hanyoyin ƙafa, aka buɗe a 2001 da sunan Mill Ruins Park. Sunayen mutum 18 ɗin nan ma ba su ɓata ba, an yi musu dutsen tunawa a maƙabartar Lakewood.

Sauran labarin igwa. Sant Pol, birnin da ya ci sunan Manzo Bulus, yana da nisa ƙwarai daga teku. Duk da haka yana da tarihin yaƙin ruwa. A watan Janairu na 1941 aka kira samari fiye da 80 na birnin, waɗanda ke cikin sojan ruwa na ko-ta-kwana, aka sa su a wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Ward. An ƙera jirgin tun 1918, cikin gaggawar yaƙi, har aka tura shi ruwa bayan kwana 17 da rabi da fara aiki. Aikinsu gadin bakin tashar Pearl Harbor a tsibiran Hawai.

Ran Lahadi 7 ga watan Disamba, 1941, da sassafe, suka hangi kan wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa yana bin bayan wani jirgin kaya, yana so ya saɗaɗa cikin tasha. Kyaftin ɗinsu, William Outerbridge, bai yi ko mako guda da karɓar jirgin ba. Da ƙarfe 6:45 ya ba da umarni. Igwa ta farko ta kuskure, igwa mai lamba 3 ta samu, suka bi shi da bama-baman ruwa. Cikin mintoci kaɗan suka aika saƙo ga manyansu cewa sun kai wa jirgin ƙarƙashin ruwa hari. Saƙon ya yi ta tafiya daga tebur zuwa tebur. An sha kawo rahoton ƙarya kafin ran nan, don haka manya suka ce a jira a tabbatar. Suna cikin jira, wajen ƙarfe 7:55, jiragen saman Japan suka rufe sama. Amurkawa 2,403 suka mutu. Harbin nan na samarin Sant Pol shi ne na farko da Amurka ta yi a yaƙinta da Japan, yaƙin da ya bazu har Bama, inda daga 1943 aka kai dubban iyayenmu da kakanninmu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma.

Shekara 60 ana musun ko da gaske sun sami jirgin. Waɗanda suka dawo gida suka kafa 'yar ƙungiyarsu, suka yi ta faɗin abin da suka gani, wasu masana na ɗaga kafaɗa. A watan Agusta na 2002 masu binciken teku na Jami'ar Hawai suka tarar da ɗan jirgin kwance a zurfin wajen ƙafa 1,200, da huda a gindin hasumiyarsa daidai inda tsofaffin suka ce. Mutum 2 na Japan da ke cikinsa ba su fito ba.

Igwar mai lamba 3 an cire ta daga jirgin lokacin da aka sāke masa fasali a tsakiyar yaƙi. A 1958, shekarar da Minisota ta cika shekara 100 da zama jiha, aka kawo ta aka kafa a filin da ke gaban majalisar jiha a Sant Pol, inda aka riƙa taruwa kowace 7 ga Disamba. Ta yi fiye da shekara 60 a waje, rana da ruwa da ƙanƙara na dukanta, har tsatsa ta fara cinta. A 2025 aka yanke shawarar ɗauke ta a gyara, a kai ta gidan tarihin soja na jihar da ke kusa da barikin Camp Ripley, inda za ta sami rufi.

Shi jirgin Ward bai ga ƙarshen yaƙi ba. Ran 7 ga Disamba, 1944, shekara 3 daidai da harbin farko, wani jirgin saman Japan ya faɗa masa da gangan a gaɓar Ormoc ta ƙasar Filifin. Wuta ta ƙi kashuwa, aka kwashe mutanen ciki, ba wanda ya mutu. Sai aka umarci wani jirgi da ke kusa, mai suna O'Brien, ya nutsar da shi da igwa. Kyaftin ɗin O'Brien a ran nan shi ne William Outerbridge. A 2017 aka gano gawar jirgin a ƙarƙashin teku, aka ɗauki hotonta, aka bar ta a inda take.